Taƙaitaccen Tarihin Shehu Abdullahi Ɗan Fodiyo, Mai Gwandu: Malamin Da Bai Manta Da Malamansa Ba

Gabatarwa

Duk baƙon da ya sauka garin Gwandu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, wuri na farko da mutanen gari za su so su kai shi shi ne hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Akasarin jama'a sun san shi a matsayin ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, kuma wazirinsa, jarumin da ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto, sannan tushen gidan sarautar Gwandu. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka auna shekarunsa sittin da 'yan kai a duniya, za a ga cewa mafi yawansu a kan buzun karatu suka ƙare, da fari yana ɗalibi, daga baya kuma yana malami mai tarbiyyar 'ya'yan jama'a.

Akwai kuma wani hali nasa da ya cancanci a yi nazari a kansa a wannan zamani, wato yadda ya zauna ya rubuta sunayen mutanen da suka karantar da shi, ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da ya samu daga kowannensu. Wannan tarihi zai bi rayuwarsa ta wannan fuska, domin amfanin al'ummar karkara da shugabanninsu, waɗanda har gobe suke tare da bayin Allah masu kula da tarbiyyar matasa ba tare da albashi ba.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Abdullahi a ƙasar Gobir a wajajen shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 Miladiyya. Sunan mahaifinsa Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo, kalmar da ke nufin malami masani a harshen Fulatanci. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Zuriyarsu Fulani ne Toronkawa, waɗanda kakansu Musa Jakollo ya taso da su daga Futa Toro, cikin ƙasar Sanagal ta yau, suka zauna a yankin Ƙonni. Daga baya iyalin Muhammadu Fodiyo suka koma Degel, inda Abdullahi ya yi wayo.

Gidansu gidan malamai ne ta wajen uwa da ta wajen uba. Yayansa Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya girme shi da kimanin shekara 12. Wannan tazara ta yi tasiri ƙwarai a rayuwar Abdullahi, domin ita ce ta mayar da wansa malaminsa kuma mai tarbiyyarsa.

A Hannun Yayansa

Abdullahi ya karanci Alƙur'ani mai girma a gaban mahaifinsa. Da ya kai shekara 13, sai aka miƙa shi ga Shehu Usmanu domin ya ci gaba da karantar da shi. A lokacin Shehu yana saurayi ɗan shekara 25 ko kusa da haka, bai daɗe da fara wa'azi ba, ba shi da sarauta, ba shi da dukiya. Abin da yake da shi shi ne ilimi da haƙurin zama da yaro.

A wurinsa Abdullahi ya karanci littattafan farko na fiƙihu irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, waɗanda har yanzu su ne ake farawa da su a zaurukan malamanmu. Ya karanci nahawu tun daga Ajurumiyya, ya karanci tauhidi daga littattafan Sanusi, ya karanci Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan farko, sannan ya saurari tafsirin Alƙur'ani daga bakinsa tun daga Fatiha har zuwa ƙarshe. Ban da karatun littafi, ya kasance yana bin Shehu duk inda ya tafi wa'azi, a ƙasar Kabi da Zamfara da sauran wurare, yana ganin yadda ake magana da manoma da makiyaya cikin harshen da suke ji, da yadda ake haƙuri da mai tambaya.

Malamai a wancan zamani ba su da wata hukuma mai biyan su albashi a kan karantarwa. Malami kan yi nomansa ko wata sana'ar hannu, ya karɓi sadakar da ta samu, ya buɗe zaurensa ga duk wanda ya zo. Ruwayar baka ta nuna cewa Shehu Usmanu da kansa yakan tufka igiya domin ya ci daga guminsa. A cikin irin wannan tsari Abdullahi ya tashi.

Sauran Malamansa

Abdullahi bai tsaya ga malami ɗaya ba. Bisa al'adar masu neman ilimi, ya yi ta tafiya wurin duk wanda aka ce ya ƙware a wani fanni. Shi da Shehu sun saurari Sahihul Buhari a wurin ɗan'uwan iyayensu, Alhaji Muhammadu ɗan Raji, a wajajen 1786. Haka kuma ya zauna gaban babban malamin nan Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ma malamin Shehu ne, inda ya karanci usulul fiƙihi. Ya ɗauki nahawu da sarfu da balaga da ilimin awon waƙa daga malamai daban-daban, wasu 'yan'uwa ne na jini, wasu kuma baƙi ne daga wasu ƙasashe kamar Barno. Da haka ya zama gwani a harshen Larabci, har malaman zamaninsa suka sallama masa.

Abubuwa biyu da suka faru a shekarun ƙuruciyarsa sun nuna irin tarbiyyar da ya samu. Na farko, lokacin da suke yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a cikin waƙa saboda barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba da amsa. Ya amsa da waƙa cikin ladabi, inda ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni nesa ba kusa ba. Na biyu, a 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi a maimakonta a ba shi izinin kiran mutane zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abdullahi ya adana wannan labari a rubuce, kuma darasin da ke ciki ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: mai karantarwa don Allah yana neman alheri ne ga jama'arsa kafin kansa.

Hijira da Jihadi

A watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, Shehu da mabiyansa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci rundunar Jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, inda suka yi nasara. A 1805 ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kebbi, kuma a cikin wannan shekara Jama'a suka tare a Gwandu, garin da ake cewa asalinsa gandun noma ne na Kanta, Sarkin Kabi.

Shekarun yaƙi sun zo da asara mai yawa. A Tsuntsuwa da Alwasa an rasa malamai da mahaddata Alƙur'ani masu ɗimbin yawa, cikinsu har da abokan karatun Abdullahi. Wannan rashi ya dame shi ƙwarai, musamman da ya lura cewa waɗanda suka rage da yawansu matasa ne da ba su samu irin tarbiyyar mutanen Degel ba, hankalinsu ya fara karkata ga ganima da dawaki da neman muƙami.

Tafiyarsa Kano

A wajajen 1807, saboda wannan damuwa, Abdullahi ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano sai jama'ar birnin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya lura cewa abin da ya gudo dominsa yana nan a Kano ma, ya kuma gane cewa maganin matsalar shi ne karantarwa. Ya zauna ya yi musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, wanda ya bayyana haƙƙoƙin da ke kan shugaba da alƙali da sauran masu riƙe da amanar jama'a. Bayan haka ya fasa tafiyar, ya koma wurin Shehu.

Wannan mataki abin lura ne ga duk mai aikin sa kai da ya taɓa gajiya har ya yi tunanin ajiye aikin. Babban malami kamar Abdullahi ya kai ga wannan hali, amma buƙatar masu neman sani ta dawo da shi.

Littafin Godiya Ga Malamai

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi. Daga wannan ɓangare na yamma ne daular Gwandu ta samu, wadda daga baya ikonta ya kai ƙasar Nufe da Ilori ta kudu, da Say da Liptako ta yamma, cikin ƙasashen Nijar da Burkina Faso na yau.

A daidai wannan lokaci da mulki ya zo hannunsa, Abdullahi ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda a cikinsa ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ya fara da mahaifinsa, sannan Shehu, sannan sauran, yana ambaton sunan kowane malami da littafin da ya karanta a gabansa, yana yi musu addu'a. Bai ware manya ya bar ƙanana ba. Wasu daga cikin waɗannan malamai ba su bar wani littafi nasu ba, ba su riƙe wata sarauta ba, kuma da ba don wannan rubutu ba da yanzu babu mai tuna su. A 1813 ya sake tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da bayanin dalilin kowace waƙa a cikin Tazyinul Waraƙati, inda waƙoƙin yabon malamansa da na makokin abokansa suka samu babban gurbi.

Albarkacin waɗannan littattafai biyu ne masana tarihi na duniya suka san yadda tsarin karatu yake a ƙasar Hausa kafin jihadi. An buga fassarar Tazyinul Waraƙati cikin Turanci a Ibadan a 1963, aikin Baturen Ingila Mervyn Hiskett. Godiyar da ɗalibi ɗaya ya yi wa malamansa ta zama taskar tarihi ga al'umma baki ɗaya.

Rubuce-rubucensa Domin Masu Koyo

Abdullahi ya wallafa littattafai masu yawa a fannin tafsiri, fiƙihu, hadisi, nahawu, sarfu, tsarin mulki da tarbiyyar zuciya. Mafi girmansu shi ne tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala a 1231 ta Hijira, wato 1816, aka kuma buga shi a Alƙahira cikin mujalladi huɗu a 1961. Da ya ga cewa wannan tafsiri ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake zama a wajajen 1822 ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya ga ƙira'ar Warshu da mazhabar Malikiyya waɗanda mutanen ƙasar nan suka saba da su. Malami mai kishin ɗalibansa ne kaɗai zai ɗauki wahalar rubuta littafi sau biyu domin kada mai rauni ya tashi hannu wofi.

Haka kuma ya tsara ƙa'idojin nahawu da sarfu cikin waƙa, a Baharul Muhiɗi da Hisnur Rasini, saboda waƙa ta fi sauƙin haddacewa. A Lubabul Madkhali, wanda ya tsamo daga littafin Ibnul Hajji, ya yi bayanin ladubban malami da ɗalibi da masu sana'a, inda ya jaddada kyakkyawar niyya da haƙuri da daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a wurin karatu. Bai manta da mutanen karkara ba: ya yi rubutu a kan hukuncin raya ƙasar da ba ta da mai ita, da hukunce-hukuncen saye da sayarwa, da kuma kiwon lafiyar jiki.

Zamansa a Gwandu da Rasuwarsa

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Wannan ya jawo 'yar tsamin dangantaka tsakanin Abdullahi da ɗan wansa, wanda kuma ɗalibinsa ne, domin a wurinsa Bello ya karanci ilimin harshen Larabci. Abdullahi ya koma Gwandu da zama. Bayan 'yan shekaru, lokacin da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa. Masana tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ɗalibi ya riƙe ladabinsa, malami kuma ya yarda ɗalibinsa ya wuce gaba.

Daga nan Abdullahi ya bar yawancin harkokin mulki da na yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da kuma Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya tashi a hannunsa, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ɗalibai suka riƙa zuwa Gwandu daga wurare masu nisa. Cikin waɗanda suka sha daga iliminsa akwai Modibbo Raji, wanda daga baya ya koma Yola ya ci gaba da karantarwa a can.

Allah Ya yi masa rasuwa a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, aka binne shi a garin. 'Yar wansa Nana Asma'u ta yi masa waƙar makoki da Fulatanci. Ita ce kuma daga baya ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato mata masu sa kai, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu mata. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Ibrahim Halilu daga 1833 zuwa 1858. A zamanin Halilu ne, a 1853, matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu, ya kuma samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin daular Songhai, a hannun malaman garin. Wannan shaida ce cewa shekara 24 bayan rasuwar Abdullahi, fitilar da ya kunna ba ta mutu ba.

Abin Koyi Ga Al'ummar Gwandu da Kalgo

A yau fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi, kuma tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Gwandu da Kalgo duka suna cikin ƙananan hukumomin masarautar, a jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991. An samu makarantun zamani a garuruwa da ƙauyuka, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana da mazauni a yankin Kalgo. Duk da haka, kafin yaro ya kai ga jami'a, sai ya bi ta hannun mutanen da sunansu ba ya cikin takardar albashin kowa: malamin makarantar allo, malamar Islamiyyar matan aure, ɗalibin da ke tara ƙannensa lokacin hutu yana yi musu bitar darasi, tela ko makaniken da ya karɓi yaron maƙwabci yana koya masa sana'a, dattijon da ke nuna wa samari dabarun noman shinkafa a fadama, da shugabannin 'yan agaji da na ƙungiyoyin samari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan su ne masu tanƙwarawar. Inda suka gaji suka janye, shaye-shaye da zaman banza da bangar siyasa ne ke karɓar yaran.

Rayuwar Abdullahi ta nuna hanyar da za a bi a kyauta musu. Mataki na farko shi ne a san su da sunansu, kamar yadda ya yi wa nasa malaman. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, tare da jami'an ƙananan hukumomi, za su iya rubuta sunayen masu wannan hidima a kowace gunduma, a riƙa ambaton su a bainar jama'a ranar saukar karatu ko taron Sallah, tun suna raye. Na biyu, a rage musu nauyi: a yi musu gayya a gona lokacin damina, a gyara rumfar karatu, a samar da tabarma da fitila da allo. Na uku, iyaye su riƙa taka ƙafa suna zuwa gaishe su, suna tambayar halin 'ya'yansu, kada a miƙa yaro a juya baya. Na huɗu, wanda ya girma ya zama wani abu ya waiwayi wanda ya fara ɗora shi a hanya, sannan shi ma ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya riƙe. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma babu kyautar da ta kai a gyara wa mutum ɗansa.

Shehu Abdullahi ya karɓi ilimi daga hannun masu sa kai, ya rubuta sunayensu domin kada a manta da su, sannan ya ƙare rayuwarsa yana biyan bashin ga 'ya'yan wasu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya jiƙan malamansa da ɗalibansa, Ya kuma saka wa duk masu tarbiyyar matasanmu da mafificin alheri, amin.